Fim ɗin Maurice ya dawo tangaran, amma har yanzu ba a ganin Alec

Na kalli fim ɗin Maurice a faifan Blu-ray da aka fitar bayan an gyara hotonsa, sannan na bi sharhin da aka riƙa yi masa a Turai da Amurka tun 2017. Abu biyu ake ta nanatawa: yadda Hugh Grant, wanda ya fito a Clive, yake da kyau lokacin ƙuruciyarsa, da kuma cewa wannan labari ne na soyayyar maza biyu da ya ƙare cikin farin ciki. Sai ka karanta sharhi tun daga farko har ƙarshe, mutumin da ya fi kowa yin asara a labarin, wato bara Alec, bai samu fiye da layi biyu ba. Wannan ya ɓata mini rai.

Ra'ayina shi ne, ginshiƙin wannan fim shi ne bambancin ɗan masu gida da bara. Soyayyar tana nan, babu mai musun ta, amma abin da ya yanke wa kowane mutum a labarin makomarsa shi ne gidan da aka haife shi. Duk wanda ya gama kallo ya ce an ƙare lafiya, to da idon masu gida ya kalla.

Ga wanda bai san shi ba, James Ivory ne ya ba da umarni, Ismail Merchant ya shirya, ya fito a 1987. An ɗauko shi daga littafin E. M. Forster, wanda ya rubuta tsakanin 1913 da 1914 ya ɓoye, ba a buga ba sai a 1971, shekara guda bayan mutuwarsa. Maurice Hall ɗan masu rufin asiri ne da ya je karatu Kembrij a 1909, ya kamu da son abokinsa Clive Durham, magajin wani babban gida a karkara. Clive ya tsorata ya yi aure. Daga baya Maurice ya haɗu da Alec Scudder, ɗan mahauci, mataimakin mai kula da dajin farauta na gidan su Clive.

Me ya haɗa mu da wannan fim?

Na san wannan ce tambayar farko da mai karatu zai yi, kuma tana da hujja. Hukuncin addini a kan neman maza sananne ne ga Musulminmu da Kiristanmu, ni kuwa ba malami ba ne, ban zo yi wa kowa fatawa ba. Fim ne na manya, akwai tsiraici a ciki, ba abin da za a kunna a falo gaban yara ba ne. Wanda ya ce ba zai kalla ba, bai yi laifi ba.

Amma ka dubi shekarun labarin: 1909 zuwa 1913. Shekara shida ke nan zuwa goma da faɗuwar Kano da Sakkwato a hannun sojojin Lugard, saura kaɗan a haɗe Kudu da Arewa a 1914. Samarin da ake nunawa suna karanta littattafan Girka a ɗakunan Kembrij, bara yana hura musu wuta yana kawo musu shayi, daga cikin irinsu aka riƙa ɗibar Di'o da Razdan. Ofishin mulkin mallaka ya daɗe yana fifita 'yan Oksfod da Kembrij wajen ɗaukar jami'an da ake turowa Arewa, haka ma masu ɗaukar jami'an Sudan. Kakanninmu sun san waɗannan mutane daga waje, da hular kwano da tafinta. Wannan fim yana nuna su a cikin gidajensu, yana nuna yadda aka rene su su kalli mai yi musu hidima. Wanda ya saba wuce Baturen ɗan'uwansa kamar bai gan shi ba saboda bara ne, ba sai an faɗa maka yadda zai ɗauki kukunsa da boyinsa a Nasarawa ba.

Wannan kaɗai ya ishe ni dalilin zama in kalla da idon basira.

Abin da gyaran hoton ya tono

Kamfanin Cohen Media Group ya mallaki fina-finan Merchant Ivory a 2015. Ya koma kan asalin zaren fim ɗin ya sabunta shi a matakin 4K, aka mayar da shi gidajen sinima a 2017 don cikarsa shekara 30, sannan faifan ya biyo baya. Cibiyar fina-finai ta Birtaniya, BFI, ta fitar da nata faifan a 2019.

A tsohon kaset, duk abin da ke bayan manyan 'yan wasa dishi-dishi yake. Yanzu ba haka ba. Kana ganin 'yar aikin da ke tsaye jikin bango tana jiran a gama cin abinci. Kana ganin fuskar Simcox, shugaban barorin gidan, wanda ya san komai kuma ba ya cewa komai. Kana ganin bambancin ɗinkin kwat ɗin Clive da kaurin rigar Alec. Pierre Lhomme, mai ɗaukar hoton, ya sa waɗannan mutane a cikin hoton tun 1987, ƙarancin ingancin kaset ne ya rufe su.

Akwai wani wuri da na tsaya na mayar baya. Ana ruwa, rufin falon gidan su Clive yana yoyo a kan fiyano. Gida ne na alfarma amma ya fara lalacewa, kuɗin gyara sun yi ƙaranci. Aka kira barori su matsar da fiyanon su tara ruwan, Alec yana cikinsu. Masu gida suna yi musu magana ba tare da sun dube su ba. Tsanin da masu gyaran rufin suka bari a jingine kuwa, shi Alec ya taka da dare ya shiga ɗakin Maurice ta taga. Ƙofar gaba ba tasa ba ce, matattakalar cikin gida ma ba tasa ba ce. Ko a lokacin da ya fi kowa ƙarfin hali a labarin, ta hanyar leburori ya bi.

"Ai masu kuɗin ma doka ba ta bar su ba"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kaina, kuma fim ɗin da kansa ya kawo ta. Ivory da abokin rubutunsa Kit Hesketh-Harvey sun ƙara wani abu da babu shi a littafin: an kama Risley, ɗan sarauta kuma abokin karatun su Clive, yana neman wani soja, aka yanke masa ɗaurin wata shida na gwale-gwale. Dokar 1885 ce ta ba da damar haka, ita ce kuma aka ɗaure marubuci Oscar Wilde da ita shekara biyu a 1895. To ina bambancin?

Bambancin yana wajen mafita. A 1889 'yan sanda suka gano wani gida a titin Cleveland a Landan inda manyan mutane ke biyan yara masu kai saƙon talgiram don yin lalata da su. An ɗaure wani matashi ma'aikacin gidan waya wata huɗu, wani mutum kuma wata tara. Lord Arthur Somerset, mai kula da dawakan Yarima mai jiran gado, wanda sunansa ya fito a binciken, ya samu isasshen lokaci ya tsallaka teku. Bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ya zauna a kudancin Faransa har ya mutu a 1926. A shari'ar Wilde ma, Lord Alfred Douglas, ɗan gidan sarautar da rigimar ta taso a kansa, ba a tuhume shi da komai ba.

Fim ɗin ya san wannan. Da Maurice ya je wurin wani mai magani yana roƙon a cire masa abin da ke ransa, maganin bai ci ba, sai mutumin ya ba shi shawara ya koma Faransa ko Italiya, inda doka ba ta hukunta haka. Shawara ce ta mai kuɗin jirgi da abin zaman otal. Clive da ya razana, Girka ya tafi hutawa, ya dawo ya auri Anne, ya shiga neman kujerar majalisa. Ya sayi tsira da aure da sunan gidansu.

Ban ce masu kuɗin ba su sha wuya ba. Wurin da Maurice ya tsaya gaban likitan gidansu, dattijon da ya san mahaifinsa, ya kasa furta abin da ke damunsa sai da ƙyar, likitan kuma ya kore maganar ya ce shirme ne, yana da ciwo a kalla. James Wilby, wanda ya fito a Maurice, ya yi wasan da zai taɓa duk mai zuciya, ko mene ne ra'ayinsa game da lamarin. Amma Maurice ya fito daga ɗakin likitan ya koma ofishinsa na dillancin hannun jari. Da Alec ne aka kama, babu likita, babu lauya, babu Italiya.

Abin da kowannensu ya ajiye

A nan ne nake ganin masu cewa an ƙare lafiya ba su yi lissafi ba.

Alec yana da hanya guda ɗaya ta fita daga bauta. Ɗan'uwansa ya samo masa aiki a Ajantina, an sayi tikiti, an ɗaure kaya, iyayensa sun zo Southampton rakiya. A wancan zamani Ajantina tana cikin ƙasashen da arzikinsu ke bunƙasa, jarin Ingila ne ke shimfiɗa mata layin dogo, namanta ne ke cika kasuwannin Landan. Ga ɗan mahauci, babu inda ya fi nan. Ya riga ya ajiye aikinsa a gidan su Clive. Jirgi ya tashi bai zo ba.

Ka tsaya ka auna wannan. Ya bar aikin da ke jiransa, ya bar kuɗin tikiti, ya kunyata ɗan'uwansa da iyayensa a gaban limamin cocin ƙauyensu, wanda dama ya fara zarginsa. Bara a Ingila ta lokacin ba ya samun sabon aiki sai da takardar shaidar hali daga tsohon ubangidansa, tsohon ubangidan Alec kuwa shi ne Clive, wanda a daren nan Maurice ya je ya faɗa wa komai. Ma'ana ko aikin barantakar ma ya rufe. Ya yi duk wannan ba tare da wani alkawari a hannu ba, ya je rumfar kwalekwale ya kwanta yana jira, bai san ko mutumin zai zo ba.

Maurice fa? Ya ce zai bar aikinsa da matsayinsa, kuma na yarda da gaske yake. Sai dai yana da ilimin da ba a ƙwacewa, yana da harshen 'yan boko da ke buɗe ƙofa ko'ina a daular Ingila, yana da uwa da 'yan'uwa mata a gida mai barori. Idan abin ya watse bayan shekara guda, akwai inda zai koma a yi masa faɗa a karɓe shi. Alec ba shi da inda zai koma.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da Maurice ya fara yi bayan daren farko. Alec ya aiko masa wasiƙa yana roƙon ya zo su haɗu. Maurice bai amsa ba. Tunaninsa na farko shi ne yaron nan zai tona masa asiri ya karɓi kuɗi. Shekara uku yana tare da Clive bai taɓa yi masa wannan zato ba, alhali Clive ne ya juya masa baya, kuma Clive ne ya ƙi taimakon Risley don kada sunansa ya ɓaci. Ɗan masu gida ya ci amana an ce tsoro ne. Bara bai yi komai ba tukuna an riga an ɗauke shi ɓarawo.

Gaskiya ne daga baya Alec ya yi barazanar, ya bi shi har ofis, suka ƙare a gidan tarihi na Birtaniya suna zagaya gumaka suna gwada wa juna ƙarfi. Amma ka saurari abin da yake ƙorafi a kai. Ba kuɗi yake nema ba. Haushinsa shi ne an yi banza da wasiƙunsa, an bar shi yana jira dare bayan dare, an yi masa abin da ake yi wa kare. A otal ya ba da labarin yadda uwar Clive ke aikensa ba ta iya tuna sunansa duk da watannin da ya yi yana mata aiki. Rupert Graves, wanda ya fito a Alec, ya faɗi wannan da muryar ƙauye, cikin fushi da dariya a haɗe, kuma a ganina nan ne zuciyar fim ɗin take. A bikin fina-finai na Benis a 1987, Wilby da Grant ne suka raba kyautar gwarzon ɗan wasa, Ivory ya samu kyautar Zakin Azurfa. Wanda ya fito a bara bai samu komai ba.

Mu ma nan mun san wannan zato. Abu ya ɓace a gida, kafin a duba ƙarƙashin kujera an kira 'yar aiki an buɗe jakarta, ɗan gida yana zaune ba wanda ya tambaye shi.

"Ai tatsuniya ce, irin wannan zama ba ya ɗorewa"

An faɗa wa Forster haka tun yana raye. Marubuci Lytton Strachey ya karanta rubutun ya ce dangantakar ba za ta daɗe ba. Masu wannan magana suna ganin ɗan Kembrij da ɗan mahauci ba su da abin da za su tattauna idan sha'awa ta kwanta.

Tarihi bai goyi bayansu ba. Forster ya samo labarin ne daga ziyarar da ya kai wa Edward Carpenter a Millthorpe a 1913. Carpenter ya yi karatu a Kembrij, ya taɓa zama limamin coci. George Merrill, wanda suke zaune tare, a unguwar talakawan Sheffield ya taso, bai yi wani karatu ba. Sun zauna gida ɗaya daga 1898 har mutuwar Merrill a 1928, shekara 30. Carpenter ya bi shi a shekarar da ta biyo baya.

Amma ka tambayi da me aka sayi filin Millthorpe aka gina gidan. Da gadon da Carpenter ya samu bayan mutuwar mahaifinsa a 1882. Misalin da ake kawowa don a nuna ƙauna ta fi ƙarfin matsayi, dukiyar gado ce ta riƙe shi. Da ma'aikatan masana'anta biyu ne a ɗakin haya a Sheffield, da bango siriri da maƙwabta masu kunne, ban ga yadda za su kai shekara 30 ba.

Inda fim ɗin ya gaza

Ba zan wanke shi tas ba. Ya yi kyau fiye da kima, kuma gyaran hoton ya ƙara masa wannan laifi. Ciyawar Kembrij ta ƙara kore, azurfar kan tebur ta ƙara ƙyalli, fararen kayan wasan kurket kamar yau aka wanke su. An zaɓe shi cikin masu neman Oscar a fannin sutura, kuma ka ga dalili. Mai kallo yana iya shagala da gidan Clive har ya fara sha'awar zaman da fim ɗin ya zo ya soka. Tun a shekarun 1980 masu sharhi a Ingila suka zargi fina-finan Merchant Ivory da sayar wa mutane kewar zamanin masu gida, kuma ban ce zargin ƙarya ne gaba ɗaya ba.

Babbar gazawar ita ce kyamarar ba ta taɓa bin Alec gida ba. Mun shiga ɗakin kwanan Maurice, mun shiga na Clive, mun san launin labulensu. Ba mu san inda Alec yake kwana ba, ba mu ga shagon mahaifinsa ba, ba mu ji abin da ya faɗa wa kansa daren da ya yanke shawarar barin jirgi ya tafi ba. Fim mai tsawon minti 140, sai an wuce rabi kafin ya buɗe baki da wata magana mai nauyi. Sunan fim ɗin ma na ɗan masu gida ne. Hoto na ƙarshe kuma an ba Clive: yana rufe tagogi, matarsa tana bayansa, yana tuna Maurice a Kembrij. Nadamar mai gida aka bar mu da ita mu tafi gida, ba cacar da bara ya yi da rayuwarsa ba.

Duk da haka ina yaba wa waɗanda suka yi shi. A 1987 cutar ƙanjamau tana kashe mutane, jaridun Ingila suna cike da ƙyama, gwamnatin Margaret Thatcher tana shirin dokar nan ta Sashe na 28, mai hana ƙananan hukumomi tallata neman jinsi ɗaya, da ta fara aiki a 1988. Shekara 20 kacal ke nan da aka daina ɗaure maza a Ingila da Wales kan abin da suka yi a ɓoye, a 1967. Fitar da irin wannan labari a wannan yanayi, nan da nan bayan babbar nasarar da kamfanin Merchant Ivory ya samu a kasuwa da fim ɗinsa na baya, ba aikin matsorata ba ne.

Shekarar da ba a nuna ba

Forster ya nace labarin ya ƙare da su biyun tare, don a zamaninsa duk labari irin wannan da gawa ko kurkuku yake ƙarewa. Ya ma rubuta wani babi na ƙarshe inda ƙanwar Maurice ta gamu da su bayan wasu shekaru suna aikin saran itace a daji. Daga baya ya cire shi, kuma cikin dalilan da ya bayar akwai cewa babin zai faɗa cikin Ingilar da yaƙin duniya na farko ya sauya.

Yana da gaskiya, kuma wannan ne ya sa ban yarda da maganar ƙarshe mai daɗi ba. Labarin ya tsaya a 1913. A watan Agusta na 1914 yaƙi ya ɓarke, a 1916 aka fara ɗibar duk wani namiji marar aure daga shekara 18 zuwa 41 aikin soja dole. Rundunar ta zo da nata tsarin: wanda ya yi makarantar 'ya'yan masu hali da Kembrij, hafsa ake yi da shi, a ba shi bara mai goge masa takalmi. Ɗan mahauci mai iya harbin zomo, ƙaramin soja ne a cikin rami. A lokacin Alec ko ƙuri'a mai yiwuwa ba shi da ita, domin kafin dokar 1918 baran da ke kwana ƙarƙashin rufin ubangidansa da saurayin da ke gidan iyayensa ba sa cikin masu zaɓe, alhali masu babban digirin Kembrij suna da ƙuri'a ta biyu ta zaɓen 'yan majalisar jami'a, wadda ba a soke ba sai da dokar 1948. Ajantina kuwa ba ta shiga yaƙin ba daga farkonsa har ƙarshensa. Jirgin da Alec ya bari ya tashi daga Southampton, can ya nufa.